Hutu da yara a gaɓar tekun Malaga: wanda ya taɓa zuwa ya ba ni shawara

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawararku, musamman waɗanda suka taɓa zuwa kudancin Sifaniya. Wurin aikin maigidana za su tura shi kwas Madrid a watan Agusta, to ya ce idan ya gama mu same shi ni da yara uku mu yi kwana goma a Malaga, bakin teku. Yaran tunda suka ji ba su bar ni na huta ba, babbar ma har ta fara lissafin kaya. Ni kuwa zuciyata ta kasu biyu. Ina jin tsoron abin da za su gani a bakin ruwa, ina tunanin abinci da wurin sallah, ga maganar biza. Sannan surukata ta ce kuɗin nan da Umra aka yi da su da ya fi. Don Allah wanda ya sani ya faɗa mini gaskiya, ba na son a ɓoye mini komai.

Anti Bilki (Birmingham):
Wa alaikumus salam ƙanwata. Sau huɗu ina zuwa wajen, don daga nan Ingila tafiyar awa uku ce ko ƙasa da haka a jirgi. Wuri ne mai kyau ƙwarai, amma abu na farko da zan gaya miki shi ne Agusta ne wata mafi wahala. Duk Turai a lokacin suke hutu, su kansu 'yan ƙasar daga Madrid da Kurɗuba gangarowa suke yi bakin ruwa, kuɗin masauki ya hau, rairayin bakin teku babu masaka tsinke. A tsakiyar watan kuma akwai babban bikin garin Malaga na kusan mako guda, kiɗa da shaye-shaye dare da rana. Da ni ce da zaɓi, Mayu ko ƙarshen Satumba zuwa Oktoba zan ɗauka.

Maman Ilham:
Anti ai matsalar makaranta ce. Dogon hutun yara daga ƙarshen Yuli ne zuwa farkon Satumba, shi ma kwas ɗin nasa ba shi ya sa ranar ba.

Abu Sumayya:
'Yar uwa, kin ce a faɗa miki gaskiya, to ga tawa. Ban taɓa zuwa Malaga ba amma na zauna Italiya shekara biyu, na san yadda bakin ruwan Turai yake da bazara. Tsiraici ne tsagwaronsa. Mata da yawa ba sa rufe ƙirji ma, kuma a wurinsu ba komai ba ne. Yaya za ki ɗauki yara masu tasowa da hannunki ki kai su wurin, kuma ki biya kuɗi mai yawa a kan haka? Abin da ido ya gani ba ya goguwa. Maganar surukarki ita ce magana. Ku je Umra, yara su ga Ka'aba, su ga Madina. In ruwa suke so ga Jidda nan.

Anti Bilki (Birmingham):
Malam, abin da ka faɗa game da shigar mutane gaskiya ne, ba zan musa ba. Daga ƙarfe sha ɗaya na safe zuwa faɗuwar rana haka wurin yake. Har akwai gaɓar da aka keɓe wa masu tuɓewa gaba ɗaya, akwai ɗaya a Benalmadena, dole mutum ya bincika kafin ya kama masauki kusa. Amma su mutanen can ba masu sammako ba ne. Sai ƙarfe tara ko goma na dare suke cin abincin dare, su kai tsakar dare a waje. A Agusta rana ba ta fitowa sai wajen bakwai da rabi. Mu muna yin asuba, mu ɗan jira gari ya waye, mu fita da yara. Daga lokacin zuwa goma saura ba ka ganin kowa sai tsofaffi masu tattaki, da masu share rairayi, da wani da ya kafa ƙugiyarsa yana jiran kifi. Yara su yi wasansu su gaji, mu tattara mu koma kafin jama'a su fito. 'Yata da doguwar rigar ninƙaya take shiga ruwa, har da hula, ba wanda ya taɓa ce mana uffan. Matan Maroko da yawa ma haka suke shiga.

Abu Sumayya:
To a kan titi fa Hajiya? A tashar jirgi fa? Ai ba za ki ɗaure wa yaro ido ba.

Anti Bilki (Birmingham):
Ba za ki ɗaure ba, wannan haka yake. A garuruwan da ke manne da teku za a ga gajeren wando da ƙananan kaya ko'ina. Kowace uwa ta san 'ya'yanta, ita za ta auna. Ni dai nakan zaunar da nawa tun kafin mu tashi in yi musu bayani, su nasu al'adar ke nan, mu ga tamu.

Nura (ɗalibi a Garnada):
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ni shekarata ta uku ke nan ina karatu a Garnada, awa biyu ba ta cika ba a mota daga Malaga. Anti Maman Ilham, roƙona ɗaya: kada ki ɗauki tafiyar nan a matsayin zuwa bakin ruwa kawai. In don ruwa ne, gaskiyar Malam Abu Sumayya ce, akwai wuraren da suka fi kusa kuma suka fi sauƙi. Abin da ke nan wanda babu shi a wani wuri shi ne Andalus. Daga shekarar 711 da Ɗariƙu bin Ziyad ya ƙetaro daga Maroko har 1492 da Garnada ta faɗi, kusan shekara ɗari takwas akwai mulkin Musulmi a wani sashe na ƙasar nan. Ita Malaga kanta sai a watan Agusta na 1487 ta fita daga hannunsu, bayan an yi mata ƙawanya wata da watanni, kuma aka bautar da mafi yawan mutanen garin. Bikin da Anti Bilki ta ambata ma asalinsa tunawa da cin garin ne.

A tsakiyar Malaga akwai ganuwa da fada da ake kira Alkasaba, ginin ƙarni na 11, tana kan tudu tana kallon tashar jiragen ruwa. Sama da ita akwai wata ganuwar, Hibralfaro. Babbar kasuwar garin, inda ake sayar da kifi da zaitun da busasshen ɓaure, ƙofarta ta dutse tun zamanin sarakunan Garnada take tsaye. Yaro zai shiga ta ƙarƙashinta ya sayi lemo. Wannan darasi ne da allo ba zai ba shi ba.

Malam Na Damagaram:
Allah ya yi maka albarka Nura, ka taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ni ban taɓa taka Turai ba, shekarata talatin ina karantarwa a zaure, amma sunayen garuruwan nan a bakinmu muka tashi da su ba mu san inda suke ba. Ishiriniyar da ake rerawa a Maulidi daga Kano har Damagaram, mai ita Alfazazi a Kurɗuba aka haife shi. Mai Alfiyar da muke haddacewa a nahawu, Ibnu Malik, mutumin Jayyan ne, garin da ke arewa da Garnada. Alƙali Iyal mai Ashafa da ake karantawa da azumi, a Sabta aka haife shi, can tsallaken ruwa, ya kuma yi alƙalanci a Garnada. Ga Ƙurɗubi mai tafsiri, sunansa ma ya faɗi garinsu. Mazhabar Malikiyya da muke kai ita suke kai. To Malam Abu Sumayya, ban ce a bar Umra ba, wa zai faɗi haka? Amma kada mu ce ƙasar nan ba ta da abin da za ta ba ɗan Musulmi. Da ina da hali da ƙafa, wallahi da na je na tsaya a masallacin Kurɗuba ko da minti goma ne.

Abu Sumayya:
Allah gafarta Malam, na karɓi wannan. Amma masallacin da kake magana ai coci ne yanzu.

Nura (ɗalibi a Garnada):
Haka ne, tun 1236 da aka ci garin aka mayar da shi coci, kuma a ƙarni na 16 aka gina wata babbar majami'a a tsakiyarsa. Ba a yarda a yi sallah a ciki ba, wannan kowa ya sani kafin ya shiga, kada ma a gwada. Mutum ya yi sallarsa a wani wuri kafin ya zo.

Amma bari in gaya muku yadda na ji ranar da na fara shiga. Za ka fara ratsa wani fili mai itatuwan lemo a jere, da ƙananan magudanan ruwa a tsakaninsu, nan ne ake alwala a da. Daga hasken rana sai ka faɗa cikin duhu-duhu mai sanyi. Idonka na sabawa sai ka ga ginshiƙai, sama da 800, kowane da baka biyu a kansa, ɗaya bisa ɗaya, ja da fari, ja da fari, har inda ido ya tsaya. Kamar ka shiga gonar dabino. Abdurrahman na farko, sarkin Kurɗuba, ya fara ginin a 785, waɗanda suka biyo shi suka yi ta ƙari. Na yi ta tafiya har na isa mihrabi. An kewaye shi da ƙarfe, ba a matsawa kusa. Ayoyin Alƙur'ani ne a jikinsa da ƙananan duwatsu masu ruwan zinariya, rubutun Kufi, shekara fiye da dubu suna nan. Wani tsoho Bamaroke na tsaye kusa da ni da jikarsa, yana bin rubutun da yatsa daga nesa yana karanta mata a hankali. Ni dai ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na tuna babana, wanda ya koya mini karatu a kan buzu, bai taɓa sanin akwai wannan wuri ba.

Hajiya Kaka:
Allahu akbar. Yaro ka sa ni kuka da safiyar nan. Allah ya jiƙan mahaifinka in ya rasu, in yana raye Allah ya ƙara masa lafiya.

Nura (ɗalibi a Garnada):
Ya rasu Hajiya, shekara biyar ke nan. Amin, na gode.

Maman Ilham:
Allah ya jiƙansa Nura. Ka sa na fara kallon tafiyar da wani ido. Daga Malaga zuwa Kurɗuba akwai nisa?

Nura (ɗalibi a Garnada):
Amin Anti. Babu nisa, jirgin ƙasa mai gudu kusan awa ɗaya ne. Ma fi sauƙi, tunda daga Madrid za ku taso, jirgin Madrid zuwa Malaga ta Kurɗuba yake bi, duka tafiyar ba ta kai awa uku ba. Ku sauka a Kurɗuba ku kwana ɗaya, ku shiga masallacin da sassafe, da rana ku wuce. Na ce da sassafe ne don zafin Kurɗuba da bazara ba wasa ba ne, yana haura 40, kamar Sakkwato a Afrilu.

Sai Alhambra, fadar sarakunan Musulmi na ƙarshe, a nan Garnada. Wannan tikitinsa ku saya ta intanet tun makonni kafin ku taso, a shafin hukumar wurin, don da bazara ƙarewa yake yi. Ana rubuta sunan kowa da lambar fasfonsa, kuma a ƙofa sai an nuna fasfon. Fadar sarakunan Banu Nasar tana da lokacin shiga a jikin tikiti, in kun makara shi ke nan, ba a ɗaga ƙafa. A ciki duk bangon da kuka duba za ku ga an rubuta "Wa la galiba illallah", sau ba adadi. Ku sa yara su nemo ta da kansu. Ku kuma nuna musu ruwa, yadda aka jawo shi daga kogin Daro ta kan tudu ya ratsa lambuna da ɗakuna ba inji ba famfo. Da yamma ku hau unguwar Albaisin, akwai masallacin da aka buɗe a 2003, daga lambunsa ana hango Alhambra gaba ɗaya da duwatsun Siyera Nebada a bayanta. Nan nake Juma'a.

Malam Na Damagaram:
Nura, ka san akwai ɗan garin nan naku da ya rubuta labarin ƙasarmu? Hasan Alwazzan, a Garnada aka haife shi, iyayensa suka yi hijira Fas, a ƙarni na 16 ya rubuta bayanin Kano da Katsina da Gobir da Agadas. Ibnu Baɗuɗa kuma ya shiga Malaga ya yabi inabinta da rumman ɗinta, bayan 'yan shekaru ya ratsa Sahara har Takadda a ƙasarmu ta Nijar. Hanya ɗaya ce tun da, mu ne muka manta.

Nura (ɗalibi a Garnada):
Malam har a harshensu akwai alama. Shugaban gari suna ce masa "alcalde", asalinta ɗaya da alƙali namu. Zaitun "aceituna", sukari "azúcar".

Baban Khalil:
Ku yi haƙuri zan dawo da ku ƙasa, don duk wannan sai an sami biza. Ni bara na nema zuwa wata ƙasar Turai aka hana ni, kuɗina suka tafi, ba a mayarwa. Dalilin da suka rubuta shi ne ba su gamsu zan dawo ba, alhali ina da aiki da iyali da gida. Abin ya yi mini ciwo sosai, har yau ina jinsa. Hajiya ga abin da na koya. Kuɗin bizar Shengen, wadda ake shiga Sifaniya da ƙasashen Turai da dama da ita, yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024, yaro mai shekara 6 zuwa 12 yuro 45, ƙasa da 6 kyauta, ban da kuɗin ofishin da ke karɓar takardu. Dole inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, to kada ki jira, samun ranar ganawa ma aiki ne da bazara. Sifaniya tana son ganin kuna da sama da yuro 100 na kowace rana ga kowane mutum. Kuma kada a zuba kuɗi masu yawa a asusu dare ɗaya ana gobe za a buga bayanin banki, suna lura, wannan na cikin abin da nake zargin ya kayar da ni, don wani ɗan uwa ne ya ranta mini. Ki haɗa takardun haihuwar yara, takardar aure, wasiƙar makarantarsu, da takardar kwas ɗin maigida. Masauki ki kama irin wanda za a iya sokewa ba asara.

Malam Na Damagaram:
Ga 'yan uwa na Nijar masu karantawa, yuro ɗaya sefa 656 ne ba ya motsi, wato bizar babba ta kama kusan jika 59.

Anti Bilki (Birmingham):
Ƙari a kan maganar Baban Khalil. Za ku ga ana tallan zuwa Tanja ta Maroko a yini ɗaya, daga garin Tarifa na kudancin Sifaniya jirgin ruwa kusan awa ɗaya ne, mashigin a inda ya fi ƙunci kilomita 14 ne kacal, ana hango duwatsun Maroko da ido. Abin sha'awa ne, amma in bizarku ta shiga sau ɗaya ce, kuna fita ta ƙare, ba dawowa. Ku duba abin da aka buga a jikinta.

Hajiya Kaka:
Ni tambayata ta tsofaffi ce. Abinci fa? An ce mutanen nan naman alade kamar shi ne tuwonsu. Sannan bayan gida, akwai ruwa?

Anti Bilki (Birmingham):
Hajiya ranki ya daɗe, ba a yi miki ƙarya ba. Za ki shiga kanti ki ga cinyoyin alade a rataye reras. Kuma yana ɓuya a inda ba a zato, a miyar wake, a romo, har a wasu kayan fulawa da ake yi da kitsensa. Kalmomi huɗu nake sa kowa ya riƙe: "cerdo" alade, "jamón" busasshen namansa, "manteca" kitse, "vino" giya. In an sa "sin" a gaba to "babu" ke nan. Shi ya sa nake cewa a kama gida mai kicin maimakon otal. Mahautan Maroko suna nan a Malaga da Fuwenhirola da sauran garuruwan, an rubuta halal a ƙofa. Ni har yajina da daddawa da busasshiyar kuɓewa nake tafiya da su. Nama da kilishi dai kada a ɗauko daga gida, ba a yarda a shiga Turai da su ba.

Amma kifi, Hajiya! A bakin ruwa za ki ga tsohon kwalekwale an cika shi da rairayi an hura itace a kai. Sai a tsire ƙananan kifin sadin biyar ko shida a jikin gora, a barbaɗa gishiri, a kafa a gefen wuta ta inda iska ke kaɗawa. Tsire ne sak, irin na mai nama a bakin titi, sai dai na kifi. "Espeto" suke ce masa. Ba mai, ba komai, gishiri da lemon tsami kawai, da hannu ake ci. Ɗana da ba ya cin kifi a gida sai da ya cinye tsinke biyu.

Bayan gida kuwa, gidaje da yawa suna da wani ɗan kwano na tsarki kusa da masai, amma ba duka ba. A waje babu. Ƙaramar buta a jaka ta raba gardama.

Nura (ɗalibi a Garnada):
Wurin sallah kuma ba matsala a gaɓar. Akwai babban masallaci a Malaga, akwai a Fuwenhirola, akwai na Marbeya da Saudiyya ta gina a 1981. Sai dai lokutan za su ba ku mamaki. Da bazara azahar ba ta shiga sai bayan ƙarfe biyu, magariba a ƙarshen Agusta wajen tara saura, isha bayan goma. Yara kan yi barci kafin isha.

Dakta Hadiza:
Maman Ilham ga nawa ta fuskar lafiya. Kada a ce mu baƙaƙe ne rana ba ta ƙona mu, tana ƙonawa, musamman yara a cikin ruwa, a shafa musu man kariya a sa hula. Akwai wata iska da mutanen Malaga ke kira "terral", daga cikin ƙasa take gangarowa, busasshiya mai zafi kamar an buɗe tanda, ranar da take kaɗawa zafi kan kai 40. Abin mamaki a ranakun ne ruwan tekun ya fi sanyi. Dama ruwan wajen bai kai na sauran Bahar Rum ɗumi ba saboda na Atlantika da ke shigowa ta mashigi. Ku riƙa duba tuta: kore a shiga, rawaya a yi hattara, ja kada a shiga ko kusa. Wani abu kuma, shawarar Anti Bilki ta fita da sassafe tana da kyau, amma a lokacin masu ceto ba su fara aiki ba. Yaran da ba su iya ruwa ba kada su wuce gwiwa, kuma babba na riƙe da su. Yawancin yaranmu ba su taɓa ganin igiyar ruwa ba. Lambar gaggawa 112 ce.

Anti Bilki (Birmingham):
Dakta kin yi gaskiya, wannan ya wuce mini. Na gode da gyara.

Ɗan Agadas:
Ina ta karantawa ban so in sa baki ba, amma abin ya tsaya mini a rai. Ruwan nan da ake maganar yara za su yi wasa a ciki, shi ne ruwan da 'yan uwanmu ke mutuwa a cikinsa. Ni a garinmu na ga samari daga ƙasashe daban-daban suna hawa mota zuwa hamada, wasu Libiya, wasu Aljeriya su zarce Maroko su jira kwalekwalen roba. Akwai wanda ya kwana a gidanmu mako biyu, yaro mai ladabi, yana taya mahaifiyata ɗiban ruwa. Daga arewacin Maroko ya kira sau ɗaya, ba mu sake jin sa ba. Waɗanda suka tsira da yawa suna Almeriya, gabas da Malaga, cikin gonakin leda da suka haura hekta 30,000, suna tsinkar tumatir da tattasai cikin zafi, wasu a bukkokin leda da katako suke kwana. Ban ce kada a je ba. Amma Hajiya in kin ga baƙin yaro ya shimfiɗa tabarau da jakunkuna a bakin hanya, ki yi masa sallama. Ki sa yaranki su gaishe shi.

Maman Ilham:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya bayyana shi in yana raye, in ya rasu Allah ya karɓi shahadarsa. In sha Allahu ba zan manta ba, kuma zan ba yara labarin nan kafin mu je.

Nura (ɗalibi a Garnada):
Yawancin masu shimfiɗa kayan nan 'yan Senegal ne Yaya, Musulmi ne, sahu ɗaya muke tsayawa ranar Juma'a. In ka yi musu sallama fuskarsu sai ta canza.

Tunda an zo nan, su ma 'yan garin suna da nasu kukan. A ƙarshen Yunin 2024 dubban mutane sun fito zanga-zanga a Malaga saboda gidajen haya sun koma na 'yan yawon buɗe ido, ɗan gari ba ya iya biyan haya a unguwar da aka haife shi. Abokan karatuna 'yan Malaga da yawa suna gidan iyayensu don haka. Ga fari: a farkon 2024 madatsar ruwan Binyuwela da ke gabas da garin ta sauka ƙasa da kashi 10 cikin ɗari, garuruwa da dama suka rufe famfunan wanka na bakin teku. To in za ku kama gida ku tabbatar yana da lambar rajista ta gwamnatin Andalusiya, ku yi tattalin ruwa, kuma a kula da hayaniyar yara tsakanin biyu da biyar na rana, lokacin hutawarsu ne, ƙananan shaguna ma rufewa suke yi.

Abu Sumayya:
Ni har yanzu ina kan bakana game da bakin ruwa, ba zan kai nawa ba. Amma in har za ku je, to ku rage kwanakin teku ku ƙara na Kurɗuba da Garnada. Kuma ki je da kanki ki zauna da surukarki ki yi mata bayanin da Malam ya yi, kada ta ji kamar an yi watsi da maganarta. Uwa ce.

Hajiya Kaka:
Wannan ita ce magana. Ki ce mata garin mai Ishiriniya za ku, ki ga yadda za ta yi. Kuma ku sa niyyar Umra da ita in Allah ya hore.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Jiya da dare na karanta wa Baban Ilham duk abin da kuka rubuta. Kwas ɗinsa zai ƙare a makon ƙarshe na Agusta, lokacin bikin garin ya wuce. Mun tsara kwana ɗaya a Kurɗuba, uku a Garnada, sauran a bakin teku, mu dawo kafin a koma makaranta. Gobe zan je gidan surukata da kaina. Takardun yara na fara haɗawa yau. Anti Bilki, wane gari za mu kama gida wanda ba sai mun ɗauki hayar mota ba?

Anti Bilki (Birmingham):
Fuwenhirola. Akwai ƙaramin jirgin ƙasa daga tsakiyar Malaga, ya bi ta filin jirgin sama da Toremolinos da Benalmadena ya tsaya a can, duka tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Garin shimfiɗaɗɗe ne ba hawa da sauka, ga masallaci ga mahauta. Ki nemi gidan da ke layi biyu ko uku daga bakin ruwa, ya fi sauƙin kuɗi kuma ya fi shiru da dare, ki kuma tambaya ko akwai na'urar sanyaya ɗaki kafin ki biya. Daga can bas na hawa Mihas, ƙauyen fararen gidaje a kan dutse, ku kai yara da yamma.

Nura (ɗalibi a Garnada):
Anti in biza ta fito ki sanar da ni ranar da za ku shigo Garnada. Lokacin ba mu koma aji ba, zan zo tashar mota in tarye ku in raka ku Albaisin. Ku taho da takalma marasa santsi, hanyar duk duwatsu ce kuma hawa ne.